Zama cikin jirgin ruwa a Ingila: me ya jawo ƙarin kuɗin lasisi ga masu yawo, kuma wa zai ji a jikinsa?

Tun daga watan Afrilun 2024, mutum biyu masu jirgi iri ɗaya, tsawo ɗaya, a kan ruwa ɗaya a Ingila, sun daina biyan kuɗin lasisi ɗaya. Wanda ya kama hayar wurin ɗaure jirginsa na dindindin yana biyan abin da aka yanka wa kowa. Wanda ba shi da irin wannan wuri, yau yana nan gobe yana can, an ɗora masa ƙarin kashi 5 cikin 100, kuma ƙarin zai riƙa hawa shekara-shekara har ya kai kashi 25 a 2028. Gidauniyar Canal & River Trust, mai kula da kimanin mil 2,000 na hanyoyin ruwa a Ingila da Wales, ita ta yanke haka a ƙarshen 2023. Masu yawo, wato marasa wurin ɗauri na dindindin, suka jera jiragensu a Landan suna zanga-zanga, suna cewa dabara ce ta korar mai ƙaramin ƙarfi daga kan ruwa. Gidauniyar kuwa ta ce raba nauyi take yi, wanda ya fi amfani da abu shi ya kamata ya fi biya.

Wanda ya san wannan rayuwa ta bidiyon intanet kawai, inda ake nuna jirgi mai fenti da furanni a kan rufi yana ratsa karkara a hankali, zai yi mamakin inda rigima ta ɓullo. Haka ma ɗalibi ko ma’aikacin da kuɗin haya ya shaƙe a Landan ko Birmingham, ya ji ana cewa zama a jirgi ya fi araha. Ƙarin kuɗin shi ne abin da ya fito fili, amma tushen rigimar ya girme shi da kusan shekara talatin, kuma yana cikin jimla guda ta wata doka.

## Jirgin da ruwan da yake bi

Jirgin da ake magana a kai siriri ne, dogo. Faɗinsa ƙafa 6 da inci 10, wato mita biyu da ɗan kai, tsawonsa kuma yakan kai ƙafa 70 ko ya ɗan ɗara. Mutum in ya tsaya a tsakiya ya miƙa hannuwa, saura ƙiris ya taɓa bango biyu. A cikin wannan tsukukun wuri ake jera komai a layi: wurin zama da murhu, kicin, ban-ɗaki, gado, sannan inji a can baya, inda matuƙi ke tsayawa a waje riƙe da sandar tuƙi, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara.

Ba don ado aka yi shi siriri ba. Mafi yawan ruwan da yake bi kanal ne, wato hanyar ruwa da mutane suka haƙa da hannu fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce. Ruwa ba ya hawa tudu, don haka duk inda ƙasa ta tashi sai a gina abin da za a iya kira matakalar ruwa, wani dogon akwati na bulo mai ƙofofin katako gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, a sa wani lanƙwasasshen ƙarfe a murɗa a buɗe kafar ruwa daga sama, ruwa ya cika akwatin ya ɗaga jirgin, sannan mutum ya jingina bayansa da gungumen ƙofar gaba ya tura har ta buɗe. A tsakiyar Ingila an gina waɗannan akwatuna da faɗin ƙafa 7 kacal, don tsimin kuɗi da tsimin ruwa, kuma duk jirgin da ya fi haka faɗi ba zai shiga ba. Kowace matakala takan ci kamar minti goma sha biyar, ga shi akwai inda suke a jere: 30 a Tardebigge, 29 a Caen Hill kusa da garin Devizes. Iyakar gudun da aka yarda da shi a kanal mil 4 ne a awa, saurin mai tafiya a ƙasa ke nan. Landan zuwa Birmingham, da mota ke yi cikin awa biyu zuwa uku, jirgi kan share mako guda zuwa biyu.

Ba duk ruwan Birtaniya ne ke hannun gidauniyar ba. Kogin Thames daga Teddington zuwa sama yana ƙarƙashin hukumar kula da muhalli, Scotland ma na da tata hukumar. Wannan ƙarin bai shafi waɗancan ba.

## Daga dakon kwal zuwa gidan kwana

A 1761 aka buɗe kanal ɗin Bridgewater don kai kwal daga mahaƙar Worsley zuwa Manchester, farashin kwal a birnin ya faɗi da kusan rabi. Ganin haka ’yan kasuwa suka yi ca. Injiniya James Brindley ya zana hanyoyin da suka haɗa manyan kogunan ƙasar, cikinsu har da kanal ɗin Trent da Mersey da aka kammala a 1777, wanda Josiah Wedgwood mai masana’antar tangaran ya tsaya wa don kayansa su daina farfashewa a kan hanya. Doki ɗaya yana tafiya a gefen ruwa yakan ja jirgi ɗauke da kimanin tan 25. Hanyar dokin nan tana nan har yau, kuma a jikinta masu yawo ke ɗaure jiragensu.

Da jirgin ƙasa ya shigo daga wajajen 1830, kuɗin dako ya karye. Masu tuƙi da yawa suka kasa riƙe gida a tudu, suka kwaso mata da yara zuwa cikin ɗan ɗakin bayan jirgi, wanda tsawonsa bai wuce ƙafa 10 ba. Wato zama a jirgi saboda rashin halin kama gida ba sabon abu ba ne a ƙasar, har sai da majalisa ta yi doka a 1877 kan rajista da duba lafiyar irin waɗannan jirage. Gwamnati ta karɓe mafi yawan hanyoyin ruwan a 1948, motocin dako suka ci gaba da cinye kasuwar, sannan tsananin sanyin 1962 zuwa 1963 ya daskarar da ruwan makonni, abin da ya rage na sana’ar ya durƙushe. ’Yan sa-kai ne suka hana a cike kanal da yawa da ƙasa, musamman ƙungiyar Inland Waterways Association da aka kafa a 1946. Dokar sufuri ta 1968 ta amince da cewa amfanin yawancin hanyoyin yanzu shaƙatawa ne. A 2012 gwamnati ta miƙa su daga hukumarta ta British Waterways zuwa wannan gidauniya mai zaman kanta, tare da alƙawarin tallafi na shekara 15.

## Dokar 1995 da maganar kwana 14

A farkon shekarun 1990 British Waterways ta kai ƙuduri majalisa tana neman a wajabta wa kowane jirgi samun wurin ɗauri na dindindin. Ƙungiyoyin masu jirage suka kai kuka, aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka tsaya a tsakiya. Sashe na 17 na dokar 1995 ya ce a ba mutum lasisi in ya cika sharuɗɗa uku: takardar shaidar lafiyar jirgi, inshora, sannan ɗayan biyu. Ko dai yana da wurin da zai ajiye jirgin bisa ƙa’ida, ko kuma ya gamsar da hukuma cewa zai yi amfani da jirgin wajen tafiya ta gaskiya a tsawon wa’adin lasisin, ba tare da ya zauna wuri ɗaya fiye da kwana 14 a jere ba, sai fa in akwai uzurin da hankali zai ɗauka. Waɗanda suka zaɓi hanya ta biyun su ne masu yawo.

Abin da dokar ta bari a buɗe shi ne ya zama abin faɗa. Ba ta faɗi nisan da mutum zai yi bayan kwana 14 ba. Ba ta fayyace girman “wuri” ba, ko bakin wata gada ne, ko unguwa, ko gari sukutum. Ba ta kuma ce yawan tafiyar da za a kira ta gaskiya a shekara kaza ne ba. A lokacin da aka rubuta ta, wanda ake tunani shi ne ɗan fansho da ya sayar da gida yana zaga ƙasa, wanda shi ba ya buƙatar a ce masa ya matsa. Ba a yi lissafin malamar asibitin da dole ta isa wurin aiki ƙarfe bakwai na safe a asibiti ɗaya kullum ba.

Gidauniyar ta cike gurbin da nata bayanin. A wurinta, mai yawo ya tashi daga unguwa ta farko zuwa ta biyu, daga nan zuwa ta uku, ba ya riƙa kai-komo tsakanin biyu ba. Tun 2015 kuma take cewa tana sa ran ganin tazarar da ba ta gaza kimanin mil 20 ba tsakanin wurare biyu mafi nisa da aka ga jirgin cikin shekara. Tana kafa hujja da wata shari’a da aka yi a kotun Bristol a ƙarshen zamanin British Waterways, inda alƙali ya ce mutumin da ke kai-komo cikin kimanin mil 10 a kanal ɗin Kennet da Avon, don ya kasance kusa da aikinsa, ba tafiya ta gaskiya yake yi ba. Masu adawa suna amsawa da abu biyu, kuma duka biyun gaskiya ne: ƙaramar kotu ce wadda hukuncinta ba ya ɗaure sauran kotuna, kuma mil 20 ba ya cikin dokar ko kaɗan. Gidauniyar ma ba ta musa cewa bayaninta ba doka ba ne. Abin da take riƙe da shi shi ne cewa dokar ta ce ita za a gamsar.

A aikace, ma’aikata na bin hanyar dokin a ƙafa ko a keke suna shigar da lambar kowane jirgi da inda aka gan shi cikin na’ura. In lokacin sabunta lasisi ya zo aka ga tafiyar mutum ba ta kai ba, sai a ba shi na wata shida maimakon shekara, a matsayin gargaɗi. In bai gyara ba, a hana shi gaba ɗaya. Jirgin da ba shi da lasisi kuwa, sashe na 8 na wata dokar hanyoyin ruwa ta 1983 ya ba da ikon a cire shi daga ruwa. Idan gidan kwanan mutum ne, gidauniyar kan je kotu tukuna ta samo umarni, amma ƙarshen abin ɗaya ne: a zo da ƙugiya a ɗaga jirgin a ɗora a mota, a kuma aiko wa mai shi da takardar kuɗin aikin. Akwai sassauci ga maras lafiya, mai juna biyu, naƙasasshe, ko wanda injinsa ya lalace, sai dai sai mutum ya nema ya kawo shaida, kuma waɗanda suka fi buƙatar sassaucin sau da yawa su ne suka fi kasa bin takardu.

## Abin da bidiyo ba ya nunawa

Jirgin mai yawo ba ya haɗe da famfo, ko wayar lantarki, ko bututun masai. Ruwan sha da na wanka daga tanki yake, in ya ƙare sai a kwance igiya a tuƙa zuwa famfon da gidauniyar ta kafa a bakin ruwa, a bi layi, a jira tanki ya cika. Masai yawanci ɗan akwati ne na roba da ake zarowa a ɗauka a hannu zuwa wurin zubarwa, kuma in aka tarar wurin ya toshe, na gaba yana iya zama tafiyar rabin yini. Wuta daga batir take, wanda farantan sola ko injin jirgi ke caji. Da bazara sola ta wadatar, amma a watan Disamba, da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, sai a kunna inji, kuma ƙa’ida ta hana kunna shi a tsaye daga takwas na dare zuwa takwas na safe. Ɗumi daga murhun kwal ko itace yake. Akwai jiragen da sana’arsu ke nan, suna bin layin jirage da buhunan kwal, man dizal da tukwanen gas, kamar yadda mai kura ke bin unguwa da jarkokin ruwa. In ruwa ya daskare, su ma ba su iso ba.

Shi kansa jirgin ƙarfe ne a cikin ruwa, tsatsa ba ta barinsa. Duk shekara biyu zuwa uku sai an fito da shi tudu an kankare gindinsa an shafe da baƙin fenti mai kama da kwalta. Duk shekara huɗu sai mai duba lafiyar jirgi ya zo ya duba gas, wayoyi da tankin mai. Tun 2019 aka wajabta na’urar da ke ƙara in iskar guba ta taru, domin hayaƙin murhu da na janareto sun sha kashe mutane cikin barci a irin wannan rufaffen wuri.

Sai kuma rashin adireshi, wanda ya fi duk waɗannan cin rai. Banki, inshora, makaranta, ofishin lasisin tuƙi, kowa adireshi yake tambaya. A ƙa’ida, likitan unguwa a Ingila ba shi da hurumin ƙin yi wa mutum rajista don ba shi da shaidar adireshi, kuma akwai takardar da maras tsayayyen gida ke cikewa ya yi zaɓe, amma sau da yawa sai an yi doguwar muhawara da ma’aikacin da ke karɓar jama’a. Lokacin da gwamnati ta raba tallafin fam 400 na kuɗin makamashi ga gidaje a hunturun 2022, masu yawo ba su shiga lissafi ba, saboda ba su da mita kuma ba su da adireshi. Sai a 2023, bayan an daɗe ana ƙorafi, aka ba su takardar karɓar fam 600.

To, ina arahar take? Mai yawo ba ya biyan haya, ba ya biyan harajin gida na ƙaramar hukuma. Lasisin jirgi matsakaici ya haura fam dubu a shekara, alhali ɗaki guda a gidan haɗaka a Landan na iya cin kusan haka a wata. Amma sai an sayi jirgin tukuna: tsoho mai lafiya dubun-dubatar fam ne, sabo yakan haura fam dubu 100, bankuna ba sa ba da bashin sayen gida a kansa, kuma darajarsa raguwa take yi da shekaru, saɓanin gida.

## Landan ta canja lissafi

A ruwan gidauniyar akwai jirage masu lasisi kimanin 35,000, kuma kusan ɗaya cikin biyar ba su da wurin ɗauri na dindindin. Da a ce sun bazu a kan mil 2,000 ɗin nan, da ba a ji kansu ba. Amma sun taru ne inda aiki yake kuma haya ta fi tsada: Landan, yammacin kanal ɗin Kennet da Avon tsakanin Bath da Bradford-on-Avon, da kewayen Oxford. A Landan yawan jirage ya kusan ninkawa cikin shekara goma bayan 2010, ya haura 4,000, kimanin rabinsu masu yawo. A kanal ɗin Regent’s da kogin Lea ana ɗaure jirgi a jikin jirgi, biyu-biyu, saboda bakin ruwa ya cika.

Mai tambaya zai ce, me ya hana su kama wurin dindindin? Wuraren iri biyu ne. Akwai na ajiya kawai, inda ba a yarda mutum ya mai da jirgin gidansa ba. Akwai na zama, wanda sai ƙaramar hukuma ta ba da izinin gini kamar yadda ake ba gida, kuma waɗannan ’yan kaɗan ne. A tsakiyar Landan kuɗinsu na iya kai fam dubu a wata ko fiye, ga harajin gida a kai, kuma mai wurin na iya sallamar mutum ba tare da irin kariyar da ɗan haya ke da ita a tudu ba. Ko da duk masu yawo za su amince su zauna wuri ɗaya gobe, wuraren ba su isa ba.

## Aljihun gidauniyar

Ta ɓangaren gidauniyar ma matsin na gaske ne. Tana riƙe da matakalun ruwa fiye da 1,500, gadoji kusan 3,000 da madatsun ruwa kimanin 70, yawancinsu sun haura shekara ɗari biyu. A watan Agustan 2019 bangon madatsar Toddbrook ya fara zubewa bayan ruwan sama mai yawa, aka kwashe mutum kusan 1,500 daga garin Whaley Bridge, jirgin saman soja ya yi ta jibga buhunan tsakuwa don tare ɓarakar. Gyaran ya ci miliyoyin fam, ya kuma sa aka tsaurara ƙa’idar duba sauran madatsun. A 2022 fari ne ya sa aka rufe wasu kanal a arewacin Ingila don ruwa ya yi ƙasa. Ambaliya da fari duk kuɗi suke ci.

Kuɗin shigarta ya haura fam miliyan 200 a shekara, daga hayar filaye da gine-gine, sayar da ruwa, kamfanonin da suka binne wayoyi a ƙarƙashin hanyar doki, gudummawar jama’a, da tallafin gwamnati. Lasisin jirage kimanin kashi 11 ne kawai na wannan. Tallafin gwamnati ya tsaya cak a fam miliyan 52.6 a shekara har zuwa 2027, ba ya bin hauhawar farashi. A watan Yulin 2023 gwamnati ta sanar da cewa daga 2027 zuwa 2037 za ta ba da kimanin fam miliyan 400, yana raguwa kowace shekara. Gwamnati ta kira shi babban tallafi, ta kuma tuna cewa tun farko an yi yarjejeniyar gidauniyar za ta rage dogaro da baitulmali. Gidauniyar ta ce in aka yi la’akari da faɗuwar darajar kuɗi, ragi ne na fiye da fam miliyan 300, kuma yana iya kai wa ga rufe wasu hanyoyin. Watanni kaɗan bayan haka aka sanar da sabon tsarin lasisi: ƙarin kashi 6 ga kowa a 2024, ƙarin kuɗi a kan masu yawo, da kuma ɗaga ƙarin kuɗin jirage masu faɗi a hankali zuwa 2028, daga kashi 10 zuwa 25 ga matsakaita, daga kashi 20 zuwa 50 ga mafi faɗi.

## Hujjar kowane ɓangare

Gidauniyar na cewa mai yawo yana kan hanya duk shekara, yana amfani da famfo, wurin zubar da shara da masai, matakalu da bakin ruwa fiye da wanda jirginsa ke ajiye a tashar jirage wata tara. Ta ƙara da cewa masu wurin dindindin suna biyan ta sau biyu, lasisi da kuɗin ɗauri, domin ko tashar ta ’yan kasuwa ce, wani kaso na komawa gare ta. Da yawa daga masu wurin dindindin sun yarda da wannan. Wanda ke biyan dubban fam a shekara, ya taho hutu ya tarar ba inda zai ɗaura jirgi a unguwar Little Venice da ke Landan saboda wasu sun cike wurin kyauta, ba zai ga laifin ƙarin ba. Akwai kuma masu tseren kwale-kwale a kogin Lea da ke kukan an matse musu ruwa, da mazauna gidajen bakin kanal da ke kukan hayaƙi da ƙarar janareto.

Ƙungiyar National Bargee Travellers Association, wadda aka kafa a 2009 don kare masu yawo, tana kallon abin ta wata fuska. Dokar 1995, in ji ta, ta ba da hanya biyu daidai wa daida, ba ta ce ɗaya ta fi ɗaya tsada ba. Ta ce ana tilasta wa mutum ya yi tafiya, sannan a caje shi don ya yi tafiyar. Ta ce famfuna da wuraren shara raguwa suke yi ba ƙaruwa ba, kuma jiragen haya da na masu hutu na iya ratsa matakalu da yawa cikin mako biyu fiye da abin da mai yawo ke ratsawa a wata uku. Babban tsoronta shi ne ƙofar da aka buɗe: in aka amince da kashi 25 yau, ba abin da zai hana a mai da shi 100 gobe.

Akwai lissafin da ke taimakawa wajen auna maganganun biyu. In aka ɗauki jirage 7,000, kowanne da lasisin kamar fam 1,200, kashi 25 zai kawo abin da bai wuce fam miliyan biyu da ɗan kai ba a shekara. Giɓin da gidauniyar ke kuka da shi, in aka raba shi shekara goma, ya kai miliyan 30 a shekara. Ƙarin ba zai cike ko kashi ɗaya cikin goma na ramin ba. Wannan bai mai da hujjar raba nauyi ƙarya ba, amma yana nuna dalilin da ya sa masu yawo ke zargin cewa akwai manufar rage yawansu, zargin da gidauniyar ke musantawa. Ta ɗaya gefen kuma, masu yawo ba su da amsa mai ƙarfi ga tambayar cunkoso. Bakin ruwan Landan yana da iyaka, kuma gidauniyar hukumar kula da hanyar jirgi ce, ba a ɗora mata aikin samar wa jama’a gidaje ba, ba a kuma ba ta kuɗinsa ba.

## Wa zai ji a jikinsa

Ɗan fanshon da ke zaga ƙasa don jin daɗi zai yi gunaguni ya biya. Fam 300 a shekara ba za ta sauke shi daga ruwa ba, kuma mil 20 ba komai ba ne a wurinsa. Nauyin yana kan wanda aiki, makarantar yara ko asibiti ya ɗaure a gari ɗaya. Shi ne ke biyan ƙarin, shi ne kuma ke fama da tazarar, domin in jirgi ya matsa mil 15 daga makaranta, kai yara da ɗauko su ya zama tafiyar jirgin ƙasa da kuɗinta. Iyalai masu yara sukan sayi jirgi mai faɗi don samun sarari, ga shi su ne ƙarin biyu zai haɗu a kansu, har kashi 75 a 2028 ga mafi faɗi. Wasu masu ƙaramin ƙarfi na iya samun tallafin gwamnati na kuɗin muhalli ya biya musu lasisi, amma sai wanda ya san da hakan kuma ya iya bin layinsa.

Daga nan abin ke tsallakawa tudu. Mutumin da aka ɗauke wa jirgi ba shi da gida, kuma ƙofar ƙaramar hukuma zai ƙwanƙwasa, inda kuɗin ajiye mutum a masaukin wucin gadi ya ninka kuɗin lasisi sau da yawa. Dokar gidaje ta 2016 ta ce ƙananan hukumomi su riƙa lissafa buƙatun mazauna jirage in suna auna buƙatar gidaje a yankinsu, amma sababbin wuraren ɗauri na zama ba su ƙaru yadda za su rage matsin ba. Su kuma miliyoyin da ke tafiya, gudu ko hawa keke a hanyar doki kyauta, abin da zai shafe su shi ne ragin tallafin 2027, in ya kai ga rufe wasu hanyoyin ko barin su su lalace.

A ƙarshen 2024 gidauniyar ta sanar da kafa kwamiti mai zaman kansa don duba dokokin lasisi gaba ɗaya, bisa hujjar cewa an rubuta su ne don wani zamani daban. Amma soke hanyar yawo, canja kwana 14, ko rubuta adadin mil cikin doka, duk sai sun bi ta majalisa, kuma samun lokacin majalisa ga irin wannan ƙuduri ba abu ne mai sauƙi ba. Abin da gidauniyar ke iya taɓawa da kanta shi ne farashin lasisi da alamomin bakin ruwa, kuma ta riga ta fara: wuraren da aka taƙaita zama zuwa kwana biyu ko bakwai, wuraren da aka hana ɗauri a kogin Lea da sunan kare lafiyar masu kwale-kwale, da wurare a tsakiyar Landan da yanzu sai an yi rajista an biya kuɗin kowane dare.